Daga Gadon Asibiti Zuwa Kayan Gado: Sharhi Kan Fiyanon Rhodes

Akwai wani baƙin akwati mai ƙafafu huɗu na ƙarfe, wanda nauyinsa ya kusa kilo 60, wanda kuma a ƙarshen shekarun 1980 makaɗan Amurka da na Ingila suka riƙa neman mai raba su da shi ko da a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, saboda ya cinye musu wuri a ɗaki, ya kuma gama da bayansu wajen hawa da saukar bene. Amma ga shi a yau, tun ba a je ko'ina ba, 'ya'yan waɗanda suka yasar da shi ne ke bin sawunsa gida gida, suna zaro shi daga ƙarƙashin tarkace, suna biyan dubban daloli a kansa, sa'an nan su ƙara wasu wajen mai gyara ba tare da ƙorafi ba. Sunan wannan akwati Rhodes, shi ne kuwa mafi shahara a cikin tsofaffin fiyanonin lantarki. Mas'alar da nake so in yi sharhi a kanta ita ce, shin mene ne haƙiƙanin abin da mutanen nan suke saye: amon ne, ko tarihin, ko kuwa ƙuruciyar da ta wuce suke ƙoƙarin fansowa da kuɗi? Ba na nufin taɓa hukuncin kiɗa a shari'a, wannan fage ne na malamai, sun kuwa yi magana a kansa tun kafin a haife mu. Abin da ke gabana kawai labarin wata na'ura ne, da irin matsayin da ta samu a zukatan masu ita.

Ya kamata mu fara da warware lafazi, don kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Idan Bahaushen yau ya ji an ce fiyano, abin da zai faɗo masa a rai shi ne allon nan mara nauyi na Yamaha ko Casio da ake kiɗan waƙoƙin fim da shi a sutudiyoyin Kano da Kaduna, wanda yaro ɗaya zai saɓa a kafaɗa, kuma a cikinsa akwai ganga da sarewa da kakakin Turawa duk a dunƙule. Wannan, in an bi diddigi, kwamfuta ce aka yi wa maɓallai. Fiyano na asali kuwa, wanda tushensa ke komawa ga aikin Bartolomeo Cristofori a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, a siffarsa ta yau babban kaya ne na katako da ƙarfe, mai tsirkiya fiye da 200, waɗanda jimlar ƙarfin ɗaurinsu ke kusantar tan 20, ba ya ɗaukuwa sai da ƙarti, kuma da zarar an yi tafiya da shi saitinsa ya goce. To Rhodes yana tsakanin waɗannan biyun, kamar jemage: yana da guduma mai bugu kamar na farko, yana buƙatar lasifika kamar na biyu, amma babu tsirkiya a cikinsa, babu kuma kwamfuta.

Mutumin da na'urar ta ci sunansa, wato Harold Rhodes, malamin koyar da fiyano ne a farkon al'amarinsa, haifaffen Kalifoniya a shekarar 1910, wanda tun yana saurayi ya tsara hanyarsa ta koyarwa, har ta samu karɓuwa a garuruwa da dama na Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso sai ya shiga rundunar sojan sama, inda aka ɗora masa aikin koya wa sojojin da suka ji rauni kiɗa a asibiti, don a ɗebe musu kewa, a kuma kawar da hankalinsu daga abin da idanunsu suka gani a fagen fama. Nan ya ci karo da wata mushkila wadda duk wanda ya taɓa jinya ya san ta: majinyacin da ba ya iya sauka daga gado ba zai je wurin fiyano ba, fiyano kuwa ba zai zo wurinsa ba. Dabarar da ta zo masa ita ce ya tafi inda aka jibge gawawwakin jiragen yaƙi samfurin B-17, waɗanda aikinsu a lokacin shi ne kai ruwan bama-bamai biranen Jamus, ya ciro bututan alminiyam daga jikinsu, ya yayyanka su tsawo daban daban yadda kowanne zai ba da nasa amo in an buga shi, ya haɗa su da maɓallai 29 a cikin ɗan akwatin da mutum zai ɗora a cinya yana kishingiɗe.

Ina ganin a wannan wuri ya dace mai karatu ya ɗan dakata, domin duk abin da zai biyo baya yana da asali a nan. Ƙarfen da aka ƙera don halaka shi aka mayar abin lallashin waɗanda yaƙin ya nakasa, kuma na'urar tun ranar farko an yi ta ne don mutum ɗaya a cikin kaɗaici, mai amon da bai wuce gadonsa da na maƙwabcinsa ba. Shi kansa tunanin yi wa majinyaci magani da sauti tsoho ne ƙwarai, Harold bai ƙago shi ba: hukama'un Musulmi irin su al-Kindi da al-Farabi, mai littafin Kitab al-Musiƙa al-Kabir, sun yi bahasi a kan tasirin sauti ga nafsi, kuma asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne a 1488 ya yi suna wajen yi wa masu taɓin hankali jinya da kiɗa da ƙarar ruwa. Abin da Harold ya ƙara kawai shi ne ya miƙa kayan kiɗan a hannun majinyacin kansa.

Bayan yaƙi al'amarin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A 1946 ya fito da wani ƙaramin fiyano mai maɓallai 38 da ya kira Pre-Piano, bai daɗe ba ya daina yinsa. A 1959 ya haɗa gwiwa da Leo Fender, maƙerin jitar lantarki na garin Fullerton, amma an ce shi Fender amon sama na na'urar bai kwanta masa ba, saboda haka abin da suka fitar kasuwa maɓallai 32 ne kawai na ɓangaren amo mai kauri, suka sa masa suna Piano Bass. Da wannan guntun ne Ray Manzarek na ƙungiyar The Doors ya riƙa cike gurbin mai jitar bes da hannun hagu a dandali, alhali hannunsa na dama yana kan wani allon dabam. Sai da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 a kan dala miliyan 13 sa'an nan Harold, yana da shekara 54 a duniya, ya samu sukunin fitar da cikakken fiyanonsa mai maɓallai 73, wanda ke zaune a kan akwatin lasifikarsa. A 1970 aka yi mai ƙafafu, wanda ake jona wa kowace amfilifaya, bayansa kuma mai maɓallai 88.

Wanda bai leƙa cikinsa ba ba zai gane dalilin son da ake yi masa ba, saboda haka bari mu ɗaga murfin. Abin da ke ciki a jere yake kamar haƙarƙari: kowane maɓalli yana da 'yar gudumarsa, kowace guduma tana da tsinken ƙarfenta, dogo a wajen amo mai kauri, gajere ƙwarai a wajen amo siriri. Kowane tsinke an ɗaure gindinsa da wata faffaɗar sandar ƙarfe da ke bisansa, yadda idan guduma ta bugi tsinken ya ɗauki rawa, sandar za ta karɓi rawar ta riƙe ta, ta hana amon mutuwa da wuri. Daura da bakin tsinken akwai ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kuma bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, motsin ƙarfe a gaban maganaɗisun yakan haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, mai hawa da sauka daidai da rawar tsinken. Ita wannan 'yar wutar ce ake tura wa amfilifaya ta fito ta lasifika. Saitinsa kuwa da wata 'yar murɗaɗɗiyar waya ake yi, wadda ke maƙale a jikin tsinken: a matsa ta wajen baki amo ya sauka, a janyo ta wajen gindi ya hau, kwatankwacin yadda makaɗi yake ƙara nake a fatar ganga ko ya rage. Wanda ya san agidigbo na Yarabawa, akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da yatsa, ya riga ya san danginsa na nesa. Wani abin mamaki ma shi ne, mai ƙafafun nan ba a jona shi da wutar bango ko kaɗan, shi yake haifar da tasa wutar daga bugun hannun mai kiɗa, kuma in ka danna shi babu amfilifaya za ka ji tsinkayen suna ƙara can ƙasa ƙasa, kamar ana motsa mundaye a ɗaki na gaba.

Daga wannan tsari ne ɗabi'arsa ta fito. In ka taɓa shi a hankali, tsinken yana rawa kaɗan a gaban maganaɗisu, sai amon ya fito zagayayye mai taushi, da ɗan ƙarar ƙararrawa a kansa; in ka doke shi da ƙarfi, tsinken ya yi lilo ya wuce iyakar da maganaɗisun ke iya bi daidai, sai amon ya dagule ya yi gurnani, abin da makaɗan Amurka ke kira haushi, kamar na kare. Haka nan in mai gyara ya ɗaga bakin tsinken kaɗan ko ya sauke shi, ko ya matso da maganaɗisun kusa da shi da kaurin farce, launin amon gaba ɗaya ya sauya. Tun da kuwa wannan saiti da hannu ake yinsa, maɓalli bayan maɓalli har 73, ga kuma kayan da kamfanin ya yi ta sauyawa, kamar bakin guduma da ya tashi daga dannannen ulu ya koma roba, da ita kanta gudumar da ta tashi daga katako ta koma filastik, sai ya zamana da wuya ka sami biyu masu murya ɗaya, ko da a mako guda suka fito daga masana'anta.

A nan ne nake ganin sirrin al'amarin yake. In manufar ita ce a yi abin da zai maye gurbin fiyano na asali, to lalle Rhodes ya kasa, kasawa bayyananniya, domin ko kurma ya ji shi ya san ba fiyanon Cristofori ba ne. Amma wannan kasawar ita ta zame masa arziki, don da ya yi kama da ubangidansa sosai, da ya ƙare a matsayin ɗan aike, wanda ake sallama da zarar an sami wanda ya fi shi iya kwaikwayo. Makaɗin fiyano Herbie Hancock ya sha ba da labarin ranar da ya shiga sutudiyo wajen Miles Davis bai tarar da fiyanon da ya saba da shi ba, sai wannan akwati a lungu, wanda shi a lokacin yake ɗauka abin wasan yara ne. Miles ya ce shi zai kaɗa, ya danna, ya ji amon ya cika ɗakin fiye da yadda ya zata, kuma a karo na farko yana jin kansa sosai a tsakiyar ganguna da ƙahoni. Ana jin sa a faifan Miles in the Sky na 1968, kuma a shekarar da ta biyo Miles ya tara Hancock da Chick Corea da Joe Zawinul a zama ɗaya don faifan In a Silent Way. A wannan shekarar ce kuma, ranar 30 ga Janairu 1969, Billy Preston ya zauna gaban Rhodes a kan rufin wani gini a Landan, a wasan ƙarshe da The Beatles suka yi a bainar jama'a.

Kada a zaci shi kaɗai ne a fagen. Kamfanin Wurlitzer ya riga shi fitowa da cikakken fiyanon lantarki tun 1954, mai faffaɗan harsunan ƙarfe a maimakon tsinkaye, mai amo da ya fi kaifi da ɗan cizo, da shi kuwa Ray Charles ya yi What'd I Say a 1959. Akwai kuma na Hohner daga Jamus. Har gobe masoyan Wurlitzer da na Rhodes ba su gama musu ba, kuma ba ni da niyyar raba su. Sai dai shekarun 1970 na Rhodes ne ba tare da jayayya ba: Stevie Wonder ya buɗe faifansa Talking Book na 1972 da shi, Hancock ya yi Head Hunters a 1973, Billy Joel ya yi Just the Way You Are a 1977, har ya zamana da wuya a kunna rediyo a Amurka a yi rabin sa'a ba a ji shi ba. A 1974 aka cire sunan Fender daga goshinsa, aka bar Rhodes kawai. A Legas ma Fela Anikulapo Kuti ya riƙa zama gaban fiyanon lantarki a faifansa na wannan zamani.

Faɗuwarsa ta zo da sauri, daga gabas. A 1983 Yamaha ta fito da DX7, allo mai nauyin kilo 14 kacal, wanda ke ƙirƙirar sauti da lissafi bisa wata hanya da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. Saitinsa ba ya gocewa, babu tsinken da zai karye a tsakiyar wasa, kuma a cikin muryoyin da ya zo da su akwai wata mai ƙyalƙyali da ke kwaikwayon Rhodes, wadda ta mamaye waƙoƙin soyayya na shekarun 1980 kamar wutar daji. Kamfanin Rhodes ya yi yunƙurin ƙarshe da samfurin Mark V a 1984, ba a jima ba aka rufe masana'antar. A 1987 kamfanin Roland na Japan ya sayi sunan ya liƙa shi a kan allunan kwamfuta waɗanda babu guduma ko tsinke a cikinsu, abin da ya ɓata wa Harold rai ƙwarai, don yana raye yana kallon sunansa a goshin abin da bai haifa ba. Sai a 1997 sunan ya dawo hannunsa, yana tsoho tukuf, kuma ya rasu a Disamba 2000 yana da shekara 89, kafin a sake ƙera wani sabo da sunansa.

Amma muryar ba ta mutu tare da masana'antar ba, ta dai riƙa yawo ne ta bakin masu ruwaya. Lokacin da kamfanoni suka yi ittifaƙi a 1991 a kan jerin muryoyi 128 na bai ɗaya da ake kira General MIDI, lamba ta 5 a jerin fiyanon lantarki ce, wadda bisa al'ada take kwaikwayon Rhodes, lamba ta 6 kuwa bisa al'ada tana kwaikwayon DX7 ne, wato kwaikwayon kwaikwayo. Saboda haka yaron da ke zaune a sutudiyo a Kano yana laluben murya mai taushi da zai shimfiɗa a ƙarƙashin waƙar soyayya, in ya tsaya a kan wannan lamba, to ya karɓi ruwaya ce mai dogon isnadi, wadda ƙarshenta ke komawa ga tsinkayen Fullerton, ko da bai taɓa jin sunan Harold ba. A can Amurka da Ingila kuma, samarin shekarun 1990 masu yanko guntayen tsofaffin faifai su gina sabon kiɗa a kai, musamman daga faifan Bob James, su suka sake jawo kunnen jama'a gare shi. Portishead da D'Angelo da Erykah Badu suka mayar da shi sutudiyo, farashinsa ya fara hawa, masu gyara suka buɗe shaguna, aka soma ƙera sababbin tsinkaye da robobin guduma don tsofaffin akwatuna. A 2021 wani sabon kamfani a birnin Leeds na Ingila ya fito da samfurin MK8, mai guduma da tsinke kamar na da.

To yanzu mu koma ga tambayarmu. Wani kaso na son da ake yi masa, in za a faɗi gaskiya, ba na fiyanon ba ne, na zamanin ne. Wanda aka haifa a 1965 ya ji wannan amo a rediyon mahaifiyarsa da wajen bikin yayarsa tun bai san sunansa ba, saboda haka in ya ji shi yau, abin da ke motsa masa zuciya ɗakin nan ne da mutanen da ke cikinsa, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan bege halal ne, ba na raina shi, sai dai Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma bege yana da ɗabi'ar share aibi. Makaɗan da suka sayar da nasu a 1985 ba wawaye ba ne. Sun san nauyinsa a kan matakala da ƙarfe biyun dare, sun san maɓallan wasu samfuran da ke da tauri kamar ana taka laka, sun san tsinken da ke karyewa ana tsakiyar waƙa, har ma tun a ƙarshen shekarun 1970 wasunsu ke kai shi wajen masu gyara a ƙara masa haske don suna ganin muryarsa ta yi duhu. Da yawa daga cikin masu yi masa kirari a yau ba su taɓa ɗaukarsa ba ko sau ɗaya. Kasuwa kuma ta shigo da nata: ana ware wasu shekaru a ce su ne na zinariya, a ninka kuɗinsu, alhali akwatin da aka yi wa saiti mai kyau daga shekarar da aka raina yakan fi wanda aka yi wa sakaci daga shekarar da ake yabo. Ina kuma kyautata zaton cewa in aka cusa muryar a tsakiyar ganguna da jita da waƙa, kaɗan ne daga cikin masu saurare za su bambance na gaske da kwaikwayon kwamfutar zamanin nan.

Duk da haka, bayan an zare bege an zare talla, akwai abin da ya rage, kuma a wajen mai kiɗan yake, ba a wajen mai saurare ba. Wanda ya zauna gaban Rhodes yana jin rawar ƙarfen tana dawowa ta cikin katakon maɓalli zuwa yatsunsa, ya san wane maɓalli ne ke saurin fushi, wane ne sai an lallashe shi, kuma da tafiya ta yi tafiya hannunsa yakan karkata ya bi halin wannan akwati guda, kamar yadda mahayi yake sanin bakin dokinsa. Kwaikwayon kwamfuta, komai kyansa, iri ɗaya ne a hannun mutum dubu. Shi kuwa wannan naka ne kai kaɗai, da lahaninsa da komai. Ga shi kuma abu ne da ke karɓar gyara: duk abin da ke cikinsa ido na ganinsa, sukurudireba na kai masa, yadda mai haƙuri zai iya koyon sauya tsinke da daidaita maganaɗisu a teburin gidansa, saɓanin ƙaramin allon zamani wanda in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone sau da yawa gyaransa ya fi sabo tsada. Abin da mutum ya ɓata dare yana jinyarsa da hannunsa, dole ya shiga ransa. A cikin akwatin kuma akwai wasu lambobi huɗu da aka buga da hatimi, biyu na mako biyu na shekara, waɗanda masu shi ke nema da tocila kamar mai neman takardar haihuwa, kuma ba ƙaramin farin ciki ba ne ga mutum ya tarar cewa shi da fiyanonsa sa'o'in juna ne.

Inda mas'alar ta fi tsanani shi ne ranar da mai shi ya kwanta dama. Fiyano ba ya rabuwa kashi kashi. In za a raba gado sai a yi masa ƙima da kuɗi, kuma ƙimar da kasuwa za ta ba shi ba ta san cewa a kansa uban ya koya wa 'yarsa ɗora yatsu ba, ba ta san dalilin da ya sa maɓallan tsakiya suka fi sauran dushewa ba. Magajin da bai iya kiɗa ba yana tsakanin abu biyu, ko ya ajiye shi a ɗaki ya zama teburin ɗora hotuna, tsatsa na cin tsinkayensa a hankali, ko ya sayar wa baƙon da zai kaɗa shi kullum amma bai san mai shi ba. Ni dai na fi karkata ga na biyu in babu makaɗi a gidan, domin na'urar da aka ƙera don a taɓa ta, zaman banza ya fi lalata ta fiye da aiki.

Wanda kuwa ya zaɓi ya riƙe, sai wata tambayar ta tare shi a shagon mai gyara: har ina za a gyara? Mai gyara yana iya sauya robobin guduma da suka taurare, da ulun da ke kashe amo, da tsinkayen da suka gaji, ya ɓare baƙar fatar da ta lulluɓe akwatin ya manna sabuwa, ya goge ƙafafun su yi ƙyalli, har abin ya fito kamar yau aka sauke shi daga mota a 1973. Sai dai a lokacin ɗan zai tsaya yana kallonsa yana neman mahaifinsa a jiki bai gan shi ba. Mu ma mun san irin wannan a gidajen makaɗanmu, inda kalangu yakan sha sabuwar fata da sababbin tsirkiyoyi sau ba adadi, amma muddin icen yana nan ana ce masa kalangun Baba. Da ni ne mai akwatin, da na ce wa mai gyara ya shiga ciki ya yi duk abin da amo ke bukata, ya sauya roba da ulu, ya daidaita tsinkaye 73 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya bar mini tsofaffin da ya cire a cikin leda. Amma ƙunar sigarin da ke gefen maɓalli na ƙarshe, da takardar wani gidan rawa da aka liƙa a murfi ta koɗe, da kusurwar da ta daku ranar da ya kuɓuce wa abokai biyu a kan matakala, waɗannan kada ya taɓa su.